Nata'ala da Ƙwarangwal ɗin Takur

Har yau in aka ambaci Malam Nata'ala a Aujara, tsofaffi sukan rabu gida biyu. Wasu su ce mutum ne da ya faɗi gaskiya a ranar da ƙarya ta fi sauƙi. Wasu su ce a'a, ɗa ne da ya ga ƙashin ubansa a rataye ya kawar da kai. Duka ɓangarorin biyu kuwa ya yi musu allura, ko ya yi wa 'ya'yansu.

Ubansa Barau manomi ne, dogo, mai 'yan awaki da gonar gero a bayan gari. Tun kafin a haifi Nata'ala ya faɗo daga kan kuka yana sassabo ganye, cinyarsa ta hagu ta karye. Maɗori ya ɗora, ta kama, amma ta kama a ɗan karkace, ya rage yana ɗingishi. A shekarar babbar yunwar nan da rumbuna suka ƙare ƙaf, Barau ya saɓa gorarsa ya ce da matarsa Zinariya zai nufi wajen Kano ko Allah zai sa ya samo hatsi. Bai dawo ba. Wani ya ce ya gan shi kwance a bakin hanya, wani ya ce an kwashe su aikin Turawa. Babu gawa, babu kabari. Nata'ala yana ƙarami a lokacin, abin da ya iya riƙewa na ubansa kaɗan ne: ɗingishin, da wani ƙulli mai tauri da yakan ji a cinyar in ya hau ta ya zauna.

Ƙanin ubansa, Arzika, shi ya riƙe su. Da dagaci ya zo neman yaran da za a kai makarantar boko a Dutse, Arzika ya miƙa Nata'ala. Ba mugunta ba ce, a wancan zamani duk gidan da ke da maraya shi yake miƙawa. Ya gama elemantare ya dawo gona, ya auri Lauratu, karatun ya kwanta a kansa ba a san amfaninsa ba.

Sai ciwon barci ya ɓulla a ƙauyukan bakin fadama. Mutum ya fara da zazzaɓi da kaluluwa a wuya, daga nan sai gyangyaɗi, yana cin tuwo barci ya kwashe shi da loma a hannu, ya yi ta ramewa har ya tafi. Turawa suka turo likita, aka yi shela ana neman samarin da suka iya karatun boko, za a koya musu gano ciwon da yin allura. Nata'ala ya haura ashirin a lokacin. Ya tafi.

A Takur, kusa da Dutse, aka kafa musu zango. Wurin a wancan lokaci gonaki ne da 'yan gidajen kara a gindin duwatsu. Aka yi babbar rumfa ta zana, aka jera benci. Likitan wani Bature ne siriri mai saurin fushi, lofen taba ba ya barin bakinsa, don haka suka sa masa Mai Lofe. Yana jin Hausa daidai gwargwado, sai dai bai san namiji bai san mace ba a magana. Kukunsa, ƙato mai gemu, "ita" yake ce masa.

Ranar da aka fara karatun jiki, Mai Lofe ya sa aka shigo da wani dogon akwati. Ya buɗe da kansa, ya ciro abin da ke ciki ya rataye a jikin dirkar rumfa. Ƙwarangwal ne na mutum, cikakke, an haɗa ƙasusuwan da waya, haƙora a jere, ƙafafu suna lilo ba su taɓa ƙasa ba. Wani ɗalibi mai suna Isah, ɗan gidan malamai daga Miga, ya miƙe ya ja da baya yana salati.

"Ku zauna," in ji Mai Lofe. "Wannan malaminku ne. Ita ba ta cizo."

Babu wanda ya yi dariya.

Daga ranar ɗaliban suka kasu. Maharazu, abokin kwanan Nata'ala, ya ɗauki abin kamar hadda. Sunayen ƙasusuwan na wani harshe ne da ko Turancin bai yi kama da shi ba, sai ya sa musu ƙira'a yana rerawa a hanyar rijiya. Ya ce shi dai a tambaye shi ya amsa, a ba shi takarda, ba ruwansa da taɓawa. Isah kuwa kullum aka tashi sai ya je ya yi wanka. Ya ce wannan mutum ne, an hana shi haƙƙinsa na sutura, kuma mamaci yana jin abin da ake yi masa. Ya taɓa tambayar Likita ko ba za a iya koyo daga zanen da ke jikin allo ba.

"Zane ba ya da zurfi," in ji Mai Lofe. "Allura tana da zurfi. Idan ka soki wuyan mutum ba ka san abin da ke ƙasa ba, ka kashe shi."

Nata'ala ya ga gaskiyar Isah, ya kuma ga gaskiyar Likita. Shi kansa ya lura cewa sunan da ya ji da kunne kafin azahar ya zube, amma wanda ya shafa da yatsa yana zama. Sukan cire riguna su zana wa juna hanyar jijiyoyi da alli a wuya da hannu, su lalubi inda jini ke bugawa. Wannan ɓangaren yana so. Ƙwarangwal ɗin ne dai bai yarda ya matsa kusa da shi ba.

Sai da aka zo karatun ƙafa. Mai Lofe ya nuna shi da bakin lofe.

"Kai, zo. Kama ƙashin cinya na hagu. Shafa daga sama zuwa ƙasa. Me ka ji?"

Nata'ala ya kama. Ƙashin sanyi gare shi, da santsi kamar tsohuwar muciya. Ya gangaro da hannu, a tsakiya yatsunsa suka ci karo da wani ƙulli mai tauri, ƙashin ya ɗan karkace daga nan.

"Wannan karaya ce," in ji Likita, yana kallon sauran. "Ya karye, ya warke, amma ba daidai ba. Mai wannan ƙafa yana tafiya haka." Ya taka yana kwaikwayon ɗingishi, ya je ƙarshen rumfa ya dawo.

Nata'ala bai san yadda ya koma benci ba. Ranar bai ci abinci ba, washegari ma koko kawai ya iya kurɓa. Duk sanda ya ɗaga ido ya ga ramukan idon nan sai ya ji kamar shi suke kallo. Maharazu ya tsare shi a bayan rumfa da la'asar.

"Kai lafiyarka kuwa? Ko ciwon da muka zo koyo ne ya fara da kai?"

Nata'ala ya gaya masa duka: kukar, ɗorin, yunwar, ƙullin cinya. Maharazu ya riƙe baki. Ba su lura Isah yana alwala a ɗaya gefen zanar ba.

Da safe aka nemi Isah aka rasa. Ya naɗe tabarmarsa ya tafi gida.

Nata'ala ya san hanyar Miga ba ta da nisa da Aujara, ya kuma san magana irin wannan ba ta kwana a ciki. Ya yi ta maza ya je tantin Likita, ya tsuguna daga bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, tambaya gare ni. Mutumin nan da muke karatu da shi, wane ne?"

Mai Lofe bai ɗago daga madubinsa na duba ƙwayar cuta ba. "Ban sani ba. Daga ƙetaren teku aka kawo shi. Mace ne."

"Mace ce, ranka ya daɗe, ko namiji ne?"

"Na ce mace! Shi mace ne, ba ka ji?"

Me Nata'ala zai kama a nan? Mutumin da ke ce wa mai gemu "ita". Ya daure ya faɗa masa dalilin tambayar. Likita ya ajiye abin da yake yi, ya dube shi. Sannan ya jawo wani ƙaramin akwati, ya ciro ƙashin ƙugu guda, shi kaɗai, ya miƙa masa.

"Wannan na namiji. Je ka gwada da wancan. Kada ka yarda da ni, ni Bature ne, zan iya ƙarya. Duba ƙofar da jariri yake fita. Duba faɗi. In ka gama ka zo ka gaya mini."

Kwanakin da suka biyo baya, duk sanda aka tashi karatu Nata'ala yakan tsaya shi kaɗai a rumfar. Da farko bai ga bambanci ba, ƙashi dai ƙashi ne. Ya sa hannu cikin wanda aka ba shi, ramin ya matse masa dunƙule, gaba ya tsuke kamar bakin tulu. Ya sa a na ƙwarangwal ɗin, hannun ya wuce sakayau, gefuna sun baje kamar akushi. Ya dafa nasa ƙugun, ya dafa na Maharazu. Ya kwance igiyar wandonsa ya auna lafiyayyar cinyar, ta dama, ya gwada da tasa, ta gaza da kusan tafin hannu. Ubansa kuwa sai ya sunkuya yake shiga zaure. Amma wane yaro ne bai ga ubansa dogo ba? Ya sake aunawa. Ya koma kan ƙugun. Yana son ya zama ba shi ba ne, ya kuma tsorata da wannan son, kada shi ne yake juya masa ido. A ƙarshe dai hannunsa ya ƙi ba shi wata amsa sai guda ɗaya.

Bai kai ga zuwa wurin Likita ba. Ran kasuwar Dutse da hantsi, suna tsakiyar karatu, aka ji hayaniya daga hanya. Mutanen Aujara ne, maza sun fi goma, wasu da sanduna, wani da fartanya a kafaɗa. Baffa Arzika ne a gaba, ya rungumo likkafani a naɗe. Can baya Inna Zinariya ce a kan jaki.

'Yan doka biyu da hakimi ya ba zangon suka tare ƙofa da kulake. Mai Lofe ya fito fuskarsa ta yi ja.

"Me kuke so?"

"Ɗan'uwana muka zo ɗauka," in ji Arzika. "Mun haƙa masa rami tun jiya. A ba mu shi mu tafi, ba mu zo faɗa ba."

"Babu ɗan'uwanka a nan. Ku koma, ko in aika wa Di'o, Baturen mulki."

Aka yi guna-guni. Wani saurayi ya matso, ɗan doka ya tokare masa ƙirji da kulki, saurayin ya riƙe kulkin. Nata'ala ya san abin da zai biyo baya in aka ɗaga sanda ɗaya a kan zangon Bature. Ba waɗannan kaɗai za a kama ba, garin ne gaba ɗaya zai ɗanɗana. Ya ratsa ta tsakaninsu ya durƙusa gaban Arzika.

"Baffa, don girman Allah a dakata. Ku shigo kai da Inna ku gani da idonku." Ya juya ga Likita. "Ranka ya daɗe, su biyu kawai."

Likita ya tauna lofensa, ya kauce daga ƙofa.

Da suka shiga, ɗalibai suka manne jikin zana. Arzika ya dubi abin da ke rataye. Ya bi ƙafar hagu da ido har ya tsaya a kan ƙullin. Ya saki salati da ƙarfi, har na waje suka amsa.

"Ga shi nan. Wallahi Yaya ne. Kwance shi, Nata'ala."

"Baffa, ba shi ba ne."

"Me ka ce?"

"Mace ce, Baffa. Dubi nan." Ya ɗauko ɗaya ƙashin ƙugun ya kara kusa. "Na namiji ga yadda yake, a tsuke. Wannan kuwa a buɗe yake, saboda haihuwa. Ga tsawon cinyar, ko tawa ba ta kai ba. Baba ya fi ka tsawo, kai ka sha faɗa mini."

"Shi ya gaya maka haka?" Arzika ya nuna Likita da haɓa.

"Ya faɗa ban yarda ba. Ni na auna da hannuna."

Arzika ya juya ga Zinariya. "Ke ce matarsa. Ke kika yi jinyar ƙafar nan. Faɗa masa."

Zinariya ta matso a hankali. Ta daɗe tana kallo, daga ƙoƙon kai har yatsun ƙafa. Ta miƙa hannu kamar za ta taɓa ƙullin, ta fasa.

"Ina zan sani, Malam? Ni da namansa na san shi."

Ta juyo ta dubi ɗanta ido cikin ido. Nata'ala ya ga abin da take so. Shekara da shekaru ba ta da inda za ta tsaya ta ce nan yake. Kalma ɗaya ce zai faɗa a naɗe ƙasusuwan nan a kai Aujara, in ma Likita ya hana, aƙalla ta san inda mijinta ya ƙare.

"Nata'ala, tsakaninka da Allah?"

"Tsakanina da Allah, Inna. Ba shi ba ne."

Ta gyaɗa kai. Hawaye ya zubo mata, ba ta share ba. "To ita wannan baiwar Allah, su wa ke nemanta?"

Likita ya duƙar da kai yana ƙwanƙwasa lofensa a tafin hannu.

Arzika ya ce ko mace ce ko namiji, mutum ne, a ba su su binne. Mai Lofe ya ce ba zai bayar ba, da shi ake koyon ceton masu rai. Arzika ya gyara rungumar likkafaninsa, ya dubi Nata'ala sama da ƙasa.

"Na ciyar da kai, na yi maka aure. Yau ka zaɓi aikin Nasara a kan ƙashin ubanka. Kada ka ƙara tako mini zaure."

Ya fita. Ya gaya wa mutanensa yaron ya ƙi ubansa, su juya. Suka juya, ba a ɗaga sanda ba.

Ɗalibai biyu suka bi bayan Isah a makon. Maharazu ya zauna, kuma daga ranar ya daina rera sunaye a hanyar rijiya, ya fara sa hannu. Shi da Nata'ala suka samo tsohon zane, in an tashi karatu su lulluɓe ƙwarangwal ɗin. Likita ya gani bai hana ba.

Bayan damina aka raba su ƙungiya-ƙungiya suna bin ƙauyuka. A jera mutane a inuwa, a lalubi wuyan kowa, wanda aka ji kaluluwa a soke ta da siririyar allura, a ɗebi ruwanta a duba a madubi. Da aka zo Aujara, dagaci ya fito da kowa, ban da gidan Arzika. Ya kulle iyalinsa, ya ce masu wasa da gawa ba za su taɓa masa 'ya'ya ba.

Ana gab da tashi sai ga Inna Zinariya ta ɓullo ta bayan danga, tana jan hannun Talatu, autar Arzika, sabuwar amarya da aka dawo da ita gida jinya. Yarinyar tana tafe ido yana lumshewa. An ce ranar nan a kan turmi aka tsince ta tana barci, taɓarya a hannu.

"Yi sauri," in ji Zinariya. "Baffanka ya tafi masallaci."

Nata'ala ya zaunar da ita, ya karkata mata kai. Ya lalubi wuyan, kaluluwar tana nan, amma ƙarama ce, mai zamewa, kuma ta yi ƙasa sosai. Ya danna gefenta kaɗan ya ji babbar jijiya tana bugun yatsarsa. Likita yana wani ƙauye da ɗaya ƙungiyar. Maharazu ya riƙe kan Talatu, ya raɗa masa, "Ko mu bari sai ya zo?"

"In Baffa ya dawo ba za mu sake ganinta ba."

Ya matse kaluluwar tsakanin yatsu biyu, ya janye ta daga jijiyar, ya yi bisimilla. Allurar tana shiga ya ji muryar Arzika daga nesa yana kiran sunan 'yarsa, sawunsa yana matsowa, mutane suna cewa "Haƙuri, Malam, haƙuri." Talatu ta zabura. Maharazu ya danne. Nata'ala bai waiwaya ba, sai da ya zare allurar ya danna auduga. Ya ɗaga audugar ya duba. Ɗigon jini ne ɗan ƙarami, ya tsaya.

Arzika ya iso ya cakumi wuyan rigarsa. Dagaci da liman suka ɓamɓare shi da ƙyar. Maharazu ya ɗago daga madubi ya ce ƙwayar ciwon tana nan, har motsi take yi. Liman ya leƙa da kansa, ya ja da baya yana tasbihi, ya ce da Arzika ya bari a yi wa yarinya magani, in ya hana alhakinta yana wuyansa.

Aka yi wa Talatu alluran jijiya mako-mako, Nata'ala ne yake zuwa a ƙafa yana yi mata a gidan dagaci. Barcin ya sake ta, ta yi ƙiba, ta koma ɗakinta. Amma maganin wancan zamani yana da ƙarfi, ya taɓa mata ido, ganinta ya ragu har ƙarshen rayuwarta, zare ma sai an zura mata. Arzika ya ce ga irinta nan. Bai ƙara yi wa Nata'ala magana ba. Da Arzika ya rasu, Nata'ala ya zo ya ɗauki makara, wasu suka matsa masa wuri, wasu suka ƙi.

Da aikin ciwon barci ya lafa, aka ba shi ɗakin shan magani a Miga. Can ya tarar da Isah ya zama malamin zaure mai almajirai manya, suka gaisa, suka zauna lafiya, ba wanda ya tayar da tsohuwar magana. Isah yakan aiko masa da iyalinsa in ba su da lafiya, shi kuma yakan je ɗaukar karatu wurinsa da yamma. Lauratu ta haifa masa 'ya'ya mata huɗu da namiji ɗaya, babu wanda ya bi aikin asibiti a cikinsu.

Ya yi ritaya ya koma Aujara ya ci gaba da noman gero. Ya rasu a wata damina mai albarka, ana tsakiyar maimai, bayan zazzaɓin 'yan kwanaki. Maharazu ya zo gaisuwa daga Dutse a bayan mota mai ɗaukar gyaɗa, ya tsufa tukuf, ya zauna a ƙofar gida har aka yi sadakar uku sannan ya koma.